Damben da Ya Jira Mu Muka Yi Sallah

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Kada a buga sunana. Wanda kuma zai zage ni, don Allah ya bari ya kai ƙarshe tukuna, domin babu zagin da zai yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Ni direba ne a Riyad, shekara huɗu ke nan. Kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take ƙarƙashinsa, ɗan kwangila ne a gine-ginen da ake ta ɗagawa a unguwar Ulaya. Mutanen nan kuɗin mai ya sa ba sa gyara abu, sai dai su sake sabo. Da ya sayo sabuwar na'urar bidiyo, ya ce in kwashe tsohuwar da talabijin ɗinta in yi yadda na ga dama. Ɗansa da ke Turai kuma yana aiko musu kaset na damben Turawa, su kalla sau ɗaya su watsar, ni in tsince.

Garin nan babu silima, leburorinmu in an sauko daga Juma'a ba su da wurin zuwa. Sai na sami wani sito a bayan kasuwar Utaiƙa na fara nuna dambe bayan la'asar, riyal biyar kowane kai. Amma wa zai biya don damben da aka gama wata guda da ya wuce? Sai na ce musu kai tsaye ne daga Amurka, ta tauraron ɗan'adam. Na ɗaure murfin tukunya a kan gora na kafa a rufi, na ja masa wayar da ba ta haɗe da komai, na'urar kuwa na ɓoye ta bayan labule. Tun Litinin nake talla. In je wurin Kanawa in ce 'yan Damagaram sun ce gwaninku ba zai kai turmi uku ba, in koma wurin waɗancan in juya maganar. Kafin Juma'a kowa ya cika ya batse.

Habibu ɗan garinmu ne, ɗalibin jami'a, saura masa wata uku ya gama. Yana jin Turanci, sai na roƙe shi ya riƙa zama gefen talabijin yana fassara wa jama'a. Ko sisi bai taɓa karɓa ba, kuma bai san komai ba. Sau ɗaya ya ce, "Yaya, ai yanzu safiya ce a can." Na ce su da safe suke dambensu. Ya yarda, don ni ne na faɗa.

Kullum nakan auna lokaci a gama kafin magariba. Ran nan jama'a ta yi yawa, muka makara. Ana tsakiyar turmi na takwas, an matse gwanin Kanawa a jikin igiya, sai ga kiran sallah. A garin nan ko mai shago bai isa ya bar ƙofa buɗe ba. Na shiga bayan labule na kashe, muka tafi masallaci, kowa yana ƙorafin zai rasa ƙarshen. Da muka dawo, ni wawa, sai kawai na kunna. Ga mutumin nan a jikin igiya, naushin da aka ɗaga kafin sallah sai yanzu ya sauka!

Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah, jiran mu suka yi?" Sai Ɗan'azumi birkila ya miƙe. "Jiran uwar wa? Wallahi a sujada na roƙar wa mutumin nan nasara! Ashe kan abin da ya riga ya wuce ka sa na ɗaga wa Allah hannu?" Ya fizge labule, ga na'ura tana juyi.

Na yi ƙarya, ban musa ba. Amma abin da ke ƙona mini rai, su wa suka yi wata shida suna tsalle suna rungume juna? Ihun da suka yi na ƙarya ne? Yau kowa ya zama waliyyi, an daina amsa mini sallama. Kuma da ba su hau jifa da benci kamar mahaukata ba, da 'yan sanda sun zo? Da motarsu ta tsaya, jaruman nan duk suka haura katanga, don rabinsu ba su da iƙama. Ba wanda zai je ya yi shaida.

Ga abin da ba wanda ya sani. A bakin ƙofa ɗan sanda ya riƙe mini riga ya ce, "Hagg min hada?" wato kayan na waye. Habibu yana ciki, ya juya baya yana ɗaga dattijon nan da aka ture. Haɓa kawai na ɗaga wajen Habibu, na nuna takardar direba, aka sake ni.

Kwana tara Habibu ya yi a tsare, bai ambaci sunana ba. Yanzu jami'a za ta zauna a kansa ran Asabar, in ba a sami mai kayan ba, kora ce, a sa shi a jirgi hannu wofi bayan shekara huɗu. In na fito, ni za a kora, ga 'ya'ya biyar a gida. Wallahi har shi haushinsa nake ji. Me ya sa ba zai tona ni ba in huta?

Jiya ya zo ɗakina, ya rame. Ya ce, "Yaya, alhamdu lillahi da kai ka tsira, kai ne mai iyali. Ba zan faɗi sunanka ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka raka ni ran Asabar ka zauna a bayana, in na ga fuskarka hankalina zai kwanta."

Na ce to. Yau Laraba. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?