Keke Ido Yake Bi

Yaya Kinyuy,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, ina nan ina raka baƙi yawon keke a duwatsun bayan garin Limbe, nan bakin teku. Kar karkacewar rubutuna ta dame ki, da hagu na yi.

Maigidana Mokake kullum sai ya ce, "Kai ɗan ƙauye, keke ido yake bi. Kalli hanya, bar teku!"

Wallahi ba teku na kalla ba. Muna gangarowa gajimare ya yaye, sai ga wata gonar wake a gefen dutse, sak tamu ta Kumbo, har da hayaƙin bukka. Keken ya nufi can.

Allah ya bar mu tare. Ki aiko mini da man zafi, amma kar ki gaya wa Mama na faɗi. Ki ce mata na ɗan kamo hanyar gida ne.

Ƙaninki,
Wirba