Jirgin da Na Auna da Jikina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni Rabi'u ɗan Hudu, masunci, mazaunin Makera ta ƙasar Dutsin-Ma, nake rubuta wannan da hannuna, hankalina yana tare da ni sarai. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi kuma ya fara yi mani rowa, amma kai ras yake. Likita a Katsina ya ce in koma gida in huta, ni kuwa ba yaro ba ne, na gane abin da yake nufi. Na shaida babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah, Annabi Muhammadu kuma Manzonsa ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Takardar nan za ta zauna wurin limamin unguwarmu, shi zai karanta maku bayan addu'ar uku.

Zuwa gare ku 'ya'yana biyu da suka rage mani, Tukur da Nana Fatima.

Na ɗaya. Na riga na faɗa wa liman da baki a gaggauta kai ni makwancina, kada a jira kowa. Gidan nan, da babur, da gonar da ke wajen Birchi, a raba kamar yadda shari'a ta ce, liman ya san yadda ake yi. Uwarku Kyauta ta riga ni tafiya, don haka rabon ba shi da wuya. Gonar dai ku sa mata ido daga nesa. Damina uku ke nan ba mu sa mata fartanya ba saboda mutanen daji, kuma ban yarda ɗayanku ya tafi duba ta ba sai ƙasa ta lafa, in za ta lafa.

Na biyu. Mubina, ɗiyar yayanku marigayi, ba ta da rabo a gadona tunda ubanta ya riga ni. Na ba ta sulusin abin da na bari, iyakar abin da Allah Ya yarda in bayar ke nan, da ya fi haka da na ƙara. Uwarta Sakinatu in ta so zama a ɗakinta ta zauna, in ta sami miji kada wanda ya ɗaure mata fuska.

Na uku. Maganar jirgi. Don ita na ɗauki alƙalami, sauran duk rakiya suka yi mata.

Kun san yayanku ɗan fari ne, kun kuma san yadda muka taso. Mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi, ba ya yabon shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Haka ubana ya yi mani, haka na yi. In zan aike shi sai in ce wancan ya zo. In ya yi zazzaɓi sai in tambayi uwarku ta bayan fage, ita ma kanta a sunkuye za ta amsa. Mutane suna cewa Malam Rabi'u akwai kunya, akwai kara, ni kuwa ina jin daɗin yabon.

Yaron ya tashi ƙato. Jikin kawunnanku na Kurfi ya ɗauko, ku biyu da shi, Tukur. Buhun masara shi kaɗai yake ɗora wa kansa. Ni kuwa kun gan ni, tun ina saurayi kamar sillen kara nake. Da ya yi aure, lokaci ya yi da zai sami kwale-kwalensa shi kaɗai, don a ruwan Zobe kowane magidanci da jirginsa yake fita, sai na tafi Dutsin-Ma wurin Ilu mai haɗa jirage. Ilu ya tambaye ni wa zai shiga, in kawo mashi shi ya gan shi. To, a nan na yi abin da na yi. Na ji nauyin in ce ɗana na fari zan yi wa, na ji nauyin in jero da shi cikin kasuwa ana kallon mu, in tsaya ana auna mashi faɗin gindi ina wurin. Sai na ce wa Ilu ya yi irin wanda ya saba yi mani. Ya auna ni, ya haɗa jirgi siriri mai gudu, daidai ni. Bai san komai ba.

Ranar da aka sa shi a ruwa da hantsi ne, masunta cike a bakin gaɓa. Yayanku ya sa ƙafa ya zauna, jirgin ya lotsa. Ina tsaye, da idona na ga abin da ya rage tsakanin bakin katako da ruwa bai wuce yatsu uku ba. Kuma raga busasshiya ce, ko kifi ɗaya babu a ciki, iska ma ba ta motsi. Shekarata arba'in a kan ruwa, wallahi na san abin da yatsu uku ke nufi. Mutane suka hau tsokanar shi, wai jirgin ne zai ɗauke shi ko shi zai ɗauki jirgin. Ya yi dariya, ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa sai na kau da kai, na duƙa ina ɗinke ragar da ba ta yage ba. Kalma uku ce, fito daga ciki, ban faɗa ba, don kada a ce Rabi'u ya tsufa yana rawar jiki a kan ɗan fari.

Shi ma bai taɓa cewa jirgin ya yi mashi kaɗan ba. Abu na farko ke nan da ya taɓa fitowa daga hannuna zuwa nashi, ina zai iya kushe shi? Wata biyar ya yi yana fita da shi, gwiwoyinsa na gugar katako hagu da dama, ƙwarya a hannu kullum yana kwarfe ruwa. Kullum ina cewa gobe zan aika uwarku ta yi mashi magana. Sai farkon damina, wata la'asar, ya yi kamu mai kyau, jirgi ya ƙara nauyi da tarwaɗa, iskar hadari ta taso. Wanda ya hango shi daga nesa, wanda sai bayan kwana uku labarinshi ya iso mana, ya ce igiyar ruwa ɗaya ce tak, ba ma babba ba. Ya iya ruwa fiye da kowa, amma raga ta naɗe mashi ƙafa. Jirgin kuwa iska ta kora shi yamma, washegari aka same shi a kife cikin ciyawa, ko ƙusa ɗaya bai zubar ba.

Mutawakkil. Sunanshi ke nan. Shekara talatin da ɗaya yana duniya bai taɓa jin shi a bakina ba, yau na rubuta shi, kuma ina so liman ya karanta shi da ƙarfi. Ni na kashe maku ɗan'uwa da kunyar banza. Na san ajali ne, na san Allah ne Mai rayawa Mai kashewa, malamai sun yi ta faɗa mani, amma zuciyata ba ta taɓa karɓa ba. Uwarku ta rasu ba ta san wannan ba. Ku yafe mani in za ku iya.

Na huɗu. Tukur, kai nake wa magana. Yanzu kai ke shiga jirgin nan, kuma ka fi yayanka jiki. Kafin ƙafafu su hana ni fita na zauna ƙarƙashin itacen bedin bakin ruwa na auna ka da ido. Yatsu biyu ne, Tukur. Biyu!

Ga abin da ya kamata in koya maku tun kuna yara. Jirgin mutum ɗaya da jikin mai shi ake auna shi, ba a aike, ba a kwatance. Mai jiki irin naka jirgi mai faɗin ciki yake nema, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda in ka zauna gwiwarka ba ta taɓa gefe. A sa mazauni ƙasa-ƙasa, a ƙara mashi tsawo da tsayin baki. Zai yi nauyin tuƙi, samari za su wuce ka suna dariya, bar su su wuce. In za ka gwada shi kada ka gwada da safe ruwa na kwance. Ka jiƙa ragarka sharkaf ka sa a ciki, ka ɗora buhun yashi a madadin kifi, ka fita bayan azahar lokacin da iska ke kaɗawa, ka miƙe tsaye kamar za ka jefa ragar birgi. In abin da ya rage sama da ruwa bai kai tsawon tafin hannunka ba, daga wuyan hannu zuwa kan yatsa, fito ka bar masu kayansu ko kyauta aka ba ka.

Na biyar. Rigimarka da Ilu ta ƙare. Ka ci kwalarshi ranar kasuwa a gaban jama'a, ka ce shi ya haɗa wa ɗan'uwanka makara, ka rantse ba za ka ƙara taka rumfarshi ba. Ina ji ina gani na bar ka, don in na wanke shi ni zan shiga. Bawan Allah nan shekara biyu yana ɗauke da laifina, mutane sun rage kai mashi aiki. Watan jiya na sa aka ɗauke ni a Keke Napep har rumfarshi na faɗa mashi gaskiya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Na bar mashi ragunana biyu, ya sayi katako mai kyau, yana nan jingine a rumfar da sunanka. Sai dai shi ma ya yi tashi rantsuwar, ba zai ƙara sa zarto a katakon jirgi ba sai mai shiga ya zo da ƙafarshi ya zauna an auna shi. Gaskiyarshi. Ka yi kaffarar rantsuwarka, ka je ka ba shi haƙuri, ka zauna ya auna ka. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya a babur ba.

Na shida. Tsohon jirgin a faskara shi a yi girki da shi. Sakinatu ta ce ba ta son ko ganin shi, ta bar mani, don haka ina da ikon faɗin haka. Kada a sayar, kada a ba kowa aro. Ni da kaina na ja jiki da gatari ran Juma'ar da ta wuce, na ɗaga sau ɗaya, numfashi ya ɗauke, a zaune aka same ni kusa da shi. Nana Fatima, ki roƙi mijinki Abdulƙadir ya zo daga Birchi ya yi wannan aikin, ko da Tukur zai yi fushi da ku shekara.

Na rubuta duk wannan, amma ba zan yaudari kaina ba. Tukur, sau uku ina kiran ka ɗakin nan a kan maganar jirgin. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka ce to, gari na wayewa ka saɓi filafilinka na tuƙi ka nufi ruwa. Na ga ka sake shafa mashi kwalta, ka yi mashi sabon fenti. Na san abin da ke ranka, shi kaɗai ne abin da ya rage maka na ɗan'uwanka, wurin zamanshi ma har ya yi sulɓi a katakon. Na kuma san baki biyar ke jiran ka kullum, gona ta gagara, ranar da ba ka fita ba tukunya ba ta hawa murhu. Taurin kan kuma ba daga nesa ka ɗauko shi ba, nawa ne. Ina tsoro, Tukur. Tsoron da nake ji a kanka ya fi wanda nake ji na kabarina. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, damina ta kusa, ni ba na jin zan gan ta, kuma ba ni da tabbacin kai za ka ga ƙarshenta.

Nana Fatima, ke ce mai sanyin cikinku. Kada ki gaji da shi. Ki riƙa zuwa, ki riƙa kiran waya, ki yi mashi naci har ya ji haushin ki. Mubina kuma ku riƙe ta tsakaninku, ku riƙa faɗa mata sunan ubanta. 'Ya'yanku na fari ku kira su da sunansu, ku dube su da kyau ku san girman jikinsu, duk mai dariya ya yi ta yi.

Allah Ya yi maku albarka, ku da zuriyarku. Na yafe maku duniya da lahira, babu wanda nake riƙe da shi a zuciya. Allah Ya haɗa kanku, Ya tsare ku a tudu da ruwa, Ya sa mu gana a inda babu rabuwa. Ku biyu ne kawai, kada ku bari gidan nan ya watse bayana.

Tukur, in duk abin da na faɗa bai shige ka ba, ga roƙona na ƙarshe, kuma ƙarami ne. Duk ranar da za ka fita a jirgin nan, ka faɗa wa matarka ɓangaren ruwan da ka nufa. Yayanka kwana uku muka yi muna lalube a yamma, ashe gabas ya yi, don bai saba faɗa mani inda za shi ba, ni kuma ban saba tambaya ba. Kada ka sa 'yar'uwarka ta yi kwana uku a bakin ruwa.