Bulon Garin Katako a Gidan Baba

Geeveston, Tasmaniya
Watan Yuli

Zuwa ga Yaya Fergus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Delia da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku zafin garin Darwin. Mu nan sanyi ya kankama, amma kowa lafiya, kafaɗar Baba ma da sauƙi.

Ka san likita ya hana shi ɗaga gatari, ka kuma san abin da muka yanke: in ba zai iya hura murhunsa da kansa a sanyin bana ba, sai gidan kula da tsofaffi. Ni na faɗa masa, har yau kuma ina tambayar kaina ko na iya bakina.

Sai na sayo bulon garin katako, irin wanda inji ke matsewa. Ka san halina, sai da na gwada a murhuna tukuna, ina rubuta abin da na gani. Ya fi itacen bishiyar turare da muka saba ƙonawa saurin kamawa, zafinsa ya fi, tokarsa kaɗan, kuma ba faskare. Aibinsa, garwashinsa ba ya kai safiya kamar na gungume, yana kuma kumbura cikin wuta, don haka ba a cika murhu da shi. Duk na yi wa Baba bayani. Ya jujjuya ɗaya a hannu, ya ce shi da ya tsufa a daji, yau 'yarsa ta kawo masa biskit ya ƙona.

Abu ɗaya ne ban faɗa ba, don na ɗauka a fili yake. Ina juya baya ya kwance ledojin da aka naɗe bulon da su, ya jera bulon a jikin shinge yadda ya saba jera ɗanyen itace, wai iska ta busar da shi. Aka kwana ana ruwa. Da na dawo, rabi ya zama dusa. Clarrie maƙwabcinsa na leƙe ta shinge, yana tambaya ko tsoho ya fara kiwon kaji ne bai gayyace shi cin nama ba. Baba ya ce masa ya je ya nemo haƙoransa tukuna. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, ya sami hujjar komawa ga gatari, ni kuma zan zama wadda ta raba shi da gidansa.

Na ce masa sauran sai inda ba danshi, rumfarsa kuwa yoyo take. Jiya na je na tarar da ɗakin ɗinkin Mama a buɗe, ɗakin da bai bari an taɓa ba tun rasuwarta. Ya share shi da kansa, ya jera bulon a gindin taga tsaf. Murhu na ci, gida ya yi ɗumi, ya ɗora shayi. Ya ce ba wai ya yarda da abin ba ne, amma dama Mama ba ta taɓa son shigarsa daji shi kaɗai ba. Ban san ko zai ɗore ba, Yaya, amma na daina nema masa wuri a gidan kula da tsofaffi.

Mijina Angus yana gaishe ka. Ka gaida Tilly da Hamish, ka kuma gaida Anti Delia da kyau. Baba ya ce a tambaye ta ko tana son keken ɗinkin, wai ya isa haka nan zaman da ya yi a rufe.

Ƙanwarka mai kewarku,
Rowena