Littafin da Baba Ya Yanka

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da jaririya. Mu ma lafiya, in aka cire halin tsohonki.

Likita ya ce yanar idon Baba ta nuna, a cire ta Litinin ɗin nan, in aka ƙara jinkiri idon dama zai tafi. Baba ya ce shi garau yake gani. Garau ɗin ne ya sa jiya ya ɗora hannun riga a juye, mai rigar ya tsaya a shago yana zazzaga masifa.

Ni dai ba zan roƙe shi ba. Kin san ba ma magana tun ranar da ya yayyage littafina ya yanka samfurin wuyan riga da shafukan. Littafin da na sha rana wurin 'yan gwanjo kafin na same shi. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Haushi ya sa na buɗe ƙamus don na ga ko Turawa sun san mai taurin kai irinsa. Ashe sun sani. Suna da kalmar da ke ce wa mutum mai kan alade. Suna da wadda ke haɗa shi da alfadari. Akwai mai sandararren wuya, akwai mai zuciyar dutse. Na gwada masa su duka, kowace ta yi masa kaɗan, sai an ƙara yadi.

Ki yi masa magana, ke yake ji.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Saƙonka ya iso, muna lafiya, maigidan yana gaishe ka. Mahaifin naka ne mai kan alade? Allah ya shirye ka.

Na yi waya da Baba, da ƙyar na tatso maganar. Littafin nan ba shi da bango, kuma kan tsofaffin jaridun da yake yanka ka ajiye shi. Bai ga bambanci ba, sai da ka ɗaga murya ya gane. Ya gwammace ka kira shi mugu da ya ce maka ba ya gani.

Aikin idon ma ba tsoronsa yake ba. An ce sai da mai riƙe masa hannu, da mai ɗiga masa magani bayan an gama. Ni ina jego, kai kaɗai ne a gidan, kuma ba zai tambaye ka ba.

Af, wa ke zura masa zare a allurai kowace safiya kafin ya iso shago? Ya ce wai aljanu ne. Kun ishe ni, ku biyun. Kalmomin da suka yi masa kaɗan, ka gwada su, kai za su zauna maka daidai.

Ka huta lafiya,
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. An yi aikin, an dace. Ban roƙe shi ba. Tsayawa kawai na yi a bakin ƙofa riƙe da takalmansa, har ya gaji ya saka. Muka kama hanyar asibiti.

Da aka cire bandeji ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wane shashasha ne ya ɗinka min wannan riga, wuyan a karkace. Shi ya ɗinka ta, da samfurin nan na shafukan littafina.

Bari na tafi, lokacin magani ya yi, ga shi can ya runtse idon gam.

Auta