Karangiya Ta Cinye Gonarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Lantana, autarki. Daga Batsari nake miki wannan wasiƙa, a wani ɗaki da dangin mijina suka ara mana. Ƙauyenmu na bayan Wagini ya watse, Inna. 'Yan bindiga sun kore mu tun kafin shukar bara.

Gonarki ta jigawa, damina biyu ke nan ba ta ga fartanya ba. Da kaka ta kama, Malam Idi mijina ya lallaɓa a babur ya dubo ta. Ya dawo wandonsa duk ƙaya har gwiwa. Ya ce karangiya ta rufe ta tun daga bakin hanya har gindin gawon da kike ajiye tulu. Bayan nan ya sake komawa ɗauko ragowar geron da muka bari a rumbu. Har yau bai dawo ba, wayarsa kuma ba ta shiga.

Kin tuna ina yarinya, ranar da na faɗa cikin karangiya ina bin akuya? Ina kuka ina tsine mata, ke kuma kina jiƙa yatsunki da yawu kina cire mini ita daga zane ɗaya bayan ɗaya. Kika ce, “Kada ki zage ta, Lantana. Ita ta riƙe mu shekarar da gero ya ƙi.”

A gonar nan kika nuna mini halinta. Rairayin da ya gaji, wanda komai ya guje shi, shi take so. Yayyafin farko ya ishe ta ta tsira. Tana ɗanya tana da laushi, dabbobi na rububinta, sai ta yi sauri ta fitar da ƙaya tun ruwa bai ɗauke ba. Ta maƙale a gashin tunkiya, a wutsiyar saniya, a kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba. Wadda ta faɗi kuwa ta kwanta cikin yashi, zafin bazara ba ya kashe ta, tana jira.

Inna, yanzu ita nake nema. Ni da wasu mata 'yan gudun hijira mukan fita bayan gari da tsintsiya da buhu, muna sharo ta, ido na kan hanya, kunne na jiran ƙarar babur. Na daka a turmin maƙwabta har hannuwana suka yi kanta, na sheƙe, na sake dakawa. Buhu guda, ƙwayar ba ta cika ƙaramin ƙoƙo ba.

Na dama wa yara kunu. Ƙaramar, mai sunanki, ƙaya ta tsaya mata a maƙogwaro. Ta yi ta tari, idanunta sun firfito, ina ɗura mata ruwa ina kiran sunan Allah, da kyar ta wuce.

Kin ce kun ci, amma ba ki faɗa mini yadda ake raba ta da ƙayar tsaf ba. Na san ba ki zaci zan buƙata ba. Wata tsohuwa daga Zakka ta ce a fara babbaka ta sama-sama. Na gwada, ƙwayar ta ƙone. Jiƙawa kuke yi? Ko da yashi kuke dakawa? Wa zan tambaya, Innata? Tsararrakinki sun bi ki, saura sun bazu.

Yau da safe yarinyar ta tashi muryarta a dishe. Na ɗauka ba za ta ƙara yarda da kunun nan ba. Sai ga ta ta ɗauko kofinta, ta tsaya a gabana ta miƙo mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki. Allah Ya bayyana mini Malam Idi da rai. Allah Ya ciyar da yaran nan ta inda ban sani ba, don ni dabarata ta ƙare.

Taki har abada,
Lantana