Rumfar da Garba Ya Kasa Mantawa

Ƙauran Namoda, Laraba da dare

Yau ma ƙanena Mamman ya zo da zancen a kai ɗana Garba wurin 'yan Hisba, su yi mishi bulala kan shan ƙwayar taramol. Na ce, "Mamman, bulala a fata take tsayawa. Ciwon yaron nan cikin tunawa yake."

Likitan da ya duba shi ya ce ƙwaƙwalwa tana da sinadarinta, dangin na wiwi, mai ɗaure tunawa da kwance ta. Shi ya sa da Garba ya hango rumfar mai ƙwaya a kasuwar Shinkafi, sai sha'awar ƙwayar ta taso mishi.

Ni da ake kira in faɗi iyakar gonakin kakanni, yau mantuwa nake nema wa ɗana. Gobe kasuwa. Zan hau bayan babur ɗinsa, mu wuce gaban rumfar, mu komo, mu sake wucewa, har ta zama rumfa kawai.