Shayin da Ya Kore Ka

Zuwa ga Malam Mirzahid, fitilar makarantun Bukhara,

Assalamu alaikum. Ya sanyin idona, ya rumman na ƙarshen kaka, ya tafkin nahawu da ɗalibai ke sha ba ya ƙafewa! Shin ya dace mace mai shekaruna, wadda ta binne miji ta rungumi carbi, ta rubuta wa namiji haka? Na tambayi kaina a kan sallaya, na yi istigfari, sannan na ɗauki alƙalami.

Ka tuna ranar da ka zo neman aurena wurin Yaya Nurmat? Ni na zuba shayi. Ka ɗago ido, hannuna ya yi rawa, kofi ya cika har baki. Shi ke nan! A garin nan namu ko yaro ya san cikakken kofi sallamar baƙo ce. Ka shanye shi da zafinsa, ka shafa fatiha, ka fita ko gurasa ba ka gutsura ba. Har yau matar Yaya tsokanata take: "Ke Mastura, kin kori malamin mutane da ruwan zafi! Yanzu wa zai kwashe mana ke?"

Kai ne fa mai koya wa yara cewa ba a yanke wa kalma hukunci sai an dubi gabanta da bayanta da bakin da ta fito. To ina karatun ya shiga? Ka karanta kofi, ka tsallake hannun da ke karkarwa? Ba ka ga koren mayafin da ban taɓa yafawa ba tun fitata takaba? Wayyo, gwanin jumla, jahilin fuska!

Yanzu na ji ka karɓi koyarwa a Samarkand, wai don kada mu haɗu a hanya. Tun da na ji, zuciyata ta zama kurangar inabi da sanyi ya ƙone. Ko girman kai ne ke sa ni zolayarka, alhali kewarka ce ke cina? Allah ne masani.

Kada ka hau jirgin Samarkand ɗin nan. Kunya ta hana ni faɗa da baki, kai kuma ishara ɗaya tak ka iya, don haka ga shi a rubuce: na yarda. In ka dawo gidanmu, ɗigo-ɗigo zan riƙa zuba maka shayi, ka yi ta miƙo hannu har tsufa ya ƙarasa mu.

Taka har kabari, ko ka gane ko ba ka gane ba,
Mastura